Kunnen Babana

Babu titin da ke haɗa Iquitos da sauran duniya.
Komai ta ruwa yake zuwa, ko ta sama:
gishiri, siminti, wasiƙar ta'aziyya,
har da kayan gyaran firij.

Doña Zoila ta aiko jikanta tun da duku-duku:
firij ya yi yaji.
Sama ƙanƙara kamar dutse,
ƙasa kuwa gumi yake yi,
kifin jiya har ya fara magana.

Babana Eleuterio
shekara talatin da ɗaya yana durƙusa wa firij.
Kunnensa na hagu ya tafi bara,
na dama yana haɗa kayansa.
Shi ya sa ni ke ɗaukar jaka,
ni ke ɗaukar ji.

"Gas ne," in ji Doña Zoila.
"Gas ne," in ji maƙwabci ta taga, baki cike da ayaba.
Baba bai tanka ba.
Ya maƙala takardar kuɗi a bakin ƙofa, ya rufe, ya ja:
roba ta cije, ba ta saki ba.
Ya zagaya baya, ya share bargon ƙurar da bututu ya lulluɓa,
ya ɗora tafi kan kwamfuresa
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
"Wannan da ransa.
Tun jiya yake aiki bai huta ba,
wani ne ya gudu ya bar shi da kaya."

Sai ya buɗe ƙofar sama,
ya danne ɗan maɓallin da babban yatsa, fitila ta mutu,
ya dube ni.
"Maritza, me kika ji?"

Na kasa kunne.
Ruwa na dukan kwanon rufi.
Injin kwalekwale na tari a kogi.
Rediyon wani na faɗin farashin shinkafa.
A cikin firij kuwa, tsit.
"Ba iska, Baba."

Kusa huɗu, murfi ya fita.
Ga ta nan, fanka, ba ta kai tafin hannuna ba.
Na tura fiffikenta da yatsa, ta yi taurin kai,
na sake turawa, ta matsa kaɗan ta tsaya.
Ƙaurin waya ya bugi hancina.
Allurar mita ko gezau.
"Sanyin yana nan," in ji Baba,
"mai rabon ce ta kwanta."

Sabuwa sai daga Pucallpa,
kwana biyar a jirgi, in kogi ya ga dama.
Doña Zoila ba kifin take kallo ba.
Idonta na kan 'yan kwalabe uku a jikin ƙofa,
allurar ciwon sukarin mijinta.
Ta ƙirga biyar da yatsu, ta naɗe hannun cikin zane.

Baba ya laluba ƙasan jaka,
ya fito da tsohuwar safa.
Cikinta motar fanka ce
da ya ciro daga firij ɗin da ambaliya ta ci a Belén.
Muka narkar da ƙanƙara da ruwan ɗumi, kofi bayan kofi.
Da aka zo ɗaura waya hannunsa ya hau rawa.
Bai ce komai ba.
Ya miƙo mini sukudireba ta wajen mariƙi.

Na ɗaura. Na jona.
Ya danne maɓallin, ya sake dubana.

Ban ba shi amsa ba.
Na kamo hannunsa, na kai bakin ramin iska,
gashin wuyan hannunsa ya kwanta gefe guda.

An biya mu rabi kuɗi, rabi kifi.
A babur mai ƙafa uku, kan hanyar gida,
matacciyar fankar na aljihuna, ina juya ta da yatsa.
Baba ya ɗaga murya, yadda kurame ke yi:
"Kar ki yar da ita.
Akwai jan ƙarfe mai kyau a ciki."